Butil, Poliyuritan, Polisalfaid ko Silikon: Da Wanne Za Ka Liƙe Ƙyauren Daɓen Jirginka?

Ɗigo ɗaya ne, yana saukowa daga kusurwar ƙyauren daɓe, wato murfin nan mai gilashi da ake ɗagawa a saman jirgin ruwa don iska da haske su shiga ciki. Kuma ba kullum yake zuwa ba. In yayyafi aka yi, shiru. Sai ranar da igiyar ruwa ta mari goshin jirgin ta malale daɓen, wato shimfiɗar saman jirgin da ake takawa, ko aka kwana ana ruwa da iska, sannan ka leƙa ɗakin gaba ka tarar da tabo mai faɗin tafin hannu a kan katifa. Duk ƙaramin jirgin da ya daɗe a rana da ruwa, ko ba jima ko ba daɗe zai kai nan, domin danƙon da aka ɗora ƙyauren a kansa tun daga masana'anta yana da iyakar kwanansa.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne bututun silikon: a zagaye firam ɗin daga waje, a shafe da yatsa, a ce an gama. Na taɓa yin haka, ya riƙe kamar wata biyu, ruwan ya sake samun hanya. Ɓacin ran gaske ya zo ne daga baya, da na tashi yin gyaran da ya dace. A jikin fayiba, wato robar nan mai zaren gilashi da ake ƙera jirgi da ita, silikon ɗin ya bar wani maiƙo wanda ido ba ya gani, sabon danƙo ya ƙi kama wurin, sai da na kwashe yini guda ina kankarewa ina bi da sanfefa. Liƙin da aka shafa daga waje ɓoye yoyo kawai yake yi na ɗan lokaci. Dole a ɗaga ƙyauren, a share tsohon danƙo tas, a shimfiɗa sabo a ƙarƙashi. To wane danƙo? Iri huɗu ko biyar ake sayarwa don wannan aiki, kowanne an rubuta a jikinsa cewa yana hana ruwa, kuma duk suna hanawa a ranar farko. Bayan shekaru ne halin kowanne ke fitowa.

Kafin ka sayi komai, gano ta ina ruwan ke shiga

Ƙyaure yana yoyo ta wuri uku, maganin kowanne kuma daban. Akwai robar da ta zagaye bakin murfi, wadda ke matsuwa in an kulle. Akwai liƙin da ya riƙe gilashi a cikin firam ɗinsa. Akwai kuma shimfiɗar da ke tsakanin firam na ƙasa da daɓen jirgi, haɗe da ramukan ƙusoshi. Mariƙan kullewa ma suna da 'yan zobban roba a inda suka huda gilashi, sukan bushe su tsage, kuma gyaransu ya fi na kowa sauƙi.

Ruwa maƙaryaci ne a cikin jirgi, inda ya ɗiga ba lallai nan ya shiga ba. Yakan bi bayan silin ya yi tafiyar kamu biyu kafin ya faɗo. Saboda haka a samu mutum biyu, ɗaya a ciki da tocila da busasshen tsumma, ɗaya a waje da mesa. A fara zuba ruwa a hankali a gindin firam kawai, kada ya taɓa murfi, a yi kamar minti biyar. In bai fito ba a hau zuwa bakin murfi, sannan gefen gilashi, mariƙai a ƙarshe. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa komai lokaci guda, ba zai san wa ya yi laifin ba. Robar baki kuwa, guntun takarda ya isa a gwada ta. A rufe ƙyaure a kan takardar, a ja, a matsa gaba a sake, har a zagaye. Inda ta zare ba turjiya, nan robar ta mutu. Sannan a tuna da zufa. Firam ɗin alminiyom yakan yi sanyi da dare, numfashin masu barci ya taru a jikinsa ya riƙa ɗiga da asuba ko da sama garau take. Wannan shigar iska yake nema, danƙo ba zai yi masa komai ba.

In gwaji ya nuna gindin firam ne, to a nan zaɓi ya taso. Ma'aunina kuwa guda ne. Ƙusoshi ne ke riƙe ƙyaure a daɓe. Aikin danƙo shi ne ya cike tsakani, ya miƙe ya dawo yayin da jirgi ke murɗawa a kan igiyar ruwa, rana tana kumbura alminiyom dare yana tsuke shi. Kuma ƙyaure abu ne da za a sake cirewa wata rana, ko hinji ya karye, ko gilashi ya tsufa, ko danƙon kansa ya gaji. Don haka abin da nake tambaya game da kowane iri shi ne: shekara nawa zai yi yana da laushi, kuma ranar da aka zo ɗaga ƙyauren, zai sake shi lami lafiya?

Butil

Butil roba ce da William Sparks da Robert Thomas suka haɗa a 1937 a ɗakin binciken kamfanin Standard Oil na New Jersey a Amurka. Da ita ake yin tiyub ɗin taya, saboda iska ba ta ratsa ta da sauƙi. Wadda ake sa wa kayan daɓe tana zuwa ne a naɗe kamar salatif, galibi toka-toka, da takarda a tsakanin naɗi, kuma an yi ta ne yadda ba za ta taɓa bushewa ba. In ka tsinko mai kyau ka ja, za ta yi ta sirancewa har ta koma kamar zare kafin ta katse. Yadda take ranar da aka sa ta, haka ake samunta bayan shekaru masu yawa: ka ɗaga firam sai ka ga zarurruka suna biyo shi, har yanzu da danƙo. Wannan shi ne babban darajarta. Duk motsin da firam zai yi, tana binsa.

Aiki da ita ma akwai natsuwa. Ba agogon da ke korar ka, ba ɗigo a kan daɓe, ba tabo a riga. Ba ta cin roba ko gilashin roba. Naɗin da ya rage yana iya shekaru a akwati, alhali bututun poliyuritan da aka buɗe yakan daskare cikin ɗan lokaci. Da an ɗaure ƙusoshi kuma jirgi na iya shiga ruwa.

Amma butil ba gam ba ce. Ba ta riƙe komai, matsi ne ke sa ta aiki. Shi ya sa ta fi dacewa da ƙyauren da ƙusoshinsa suka huda daɓe suka fita ciki, aka sa musu washa da noti. Yadda ake yi shi ne, a ɗan faɗaɗa bakin kowane rami ta sama ya yi kamar ƙaramin mazurari. A shimfiɗa butil a ƙasan firam, layi ɗaya marar yankewa, inda bakin biyu suka haɗu a murza su da yatsa su zama ɗaya. A murza wani ɗan guntu a tafin hannu ya yi siriri, a naɗa a ƙarƙashin kan ƙusa, a naɗa wani a wuyanta bayan ta fito ta ƙasan firam. In an matse, wannan na biyun yana cika mazurarin nan ya zama zobe a kewayen ƙusar, kuma shi ne ainihin mai tsare ramin. Wajen ɗaurewa, wanda ke sama ya riƙe kan ƙusa da sukudireba kada ta juya ko kaɗan, wanda ke ciki ya juya noti. In ƙusar ta juya, za ta kwashe butil ɗin daga cikin ramin. Kuma ba a ɗaurewa a tashi ɗaya, domin butil a hankali take malala. A matse kaɗan, kusurwa da kishiyarta, a bari ta kwana, washegari a ƙara, a yi haka sau uku ko huɗu har noti ya daina karɓa. Abin da ya bulbulo a gefe a yanke da wuƙar roba, ragowar kuma a dangwala masa dunƙulen butil, zai biyo shi.

Inda take da rauni a fili yake. Fetur da dizal da kananzir suna narkar da ita, saboda haka ba a kai ta kusa da bakin tankin mai. Ba a sa ta a ɓangaren jirgi da ke nutse cikin ruwa. Takan ci gaba da bulbulowa kaɗan-kaɗan na makonni in zafi ya yi yawa, ƙura ta manne a gefen ya yi baƙin layi. A lokacin sanyi takan yi tauri, sai an ɗumama naɗin a rana ko a cikin aljihu. In firam ɗin na siririyar roba ne, yana iya lanƙwasa tsakanin ƙusa da ƙusa kafin butil ta miƙa wuya. Sannan ba duk abin da aka kira butil ne ya kai ba. Wadda ka ja ta katse nan take, ko take marmashewa, bar ta a inda ka gan ta.

Poliyuritan, da haɗarin ƙarfin da ya wuce buƙata

Shi ma a 1937 aka gano shi, a hannun Otto Bayer da abokan aikinsa a Leverkusen ta Jamus. Danƙo ne kuma gam ne a lokaci guda. Yana fitowa daga bututu kamar man shafawa mai kauri, laimar da ke cikin iska ce ke busar da shi, ya koma roba mai tauri da ta manne wa ɓangarorin biyu. A duniyar jiragen ruwa wanda ya fi suna shi ne 3M 5200, wanda kan ɗauki har kwana 7 kafin ya gama bushewa, kuma masu shi da kansu sun ce na haɗi ne na dindindin. Irinsa ake nema wajen haɗa gangar jirgi da daɓensa, inda ba wanda ke fatan rabuwa. Ƙanensa 4200 yana da kamar rabin ƙarfinsa, an yi shi ne don kayan da za a iya cirewa. Sikaflex 291 shi ma a wannan sahu na matsakaita yake.

Na taɓa ɗaga ƙyauren da wani mai jirgi na baya ya dasa da gam irin na dindindin. An cire ƙusoshi duka, amma firam ɗin ko gezau. Na sa siririyar wuƙa, na sa weji na katako ina bugawa kaɗan-kaɗan, na zura waya ina ja kamar zarto. Da ya saki a ƙarshe, ya taho da farar fatar fayiba a wurare uku, firam ɗin kuma ya ɗan karkace, sai da aka miƙe shi. Kuma duk da wannan riƙo, ƙyauren yoyo yake yi, domin ruwa ya samu wuri guda da gam ɗin bai kama ba saboda ba a share shi da kyau ba. Wato ƙarfin bai hana yoyo ba, gyara ya hana. A ganina gam na dindindin ba shi da gurbi a ƙarƙashin ƙyaure ko kaɗan.

Matsakaicin kuwa yana da wurinsa, kuma akwai inda ya fi butil. In ƙyauren da sukurori aka ɗaure shi, waɗanda ke cizon fayiba ko katako ba noti a ƙasa, dole sukurun ya juya yayin shiga, kuma matsinsa bai kai na noti ba. A nan danƙo mai ruwa-ruwa wanda zai bi zaren sukuru ya bushe a wurin, ya kuma taimaka da ɗan riƙo, ya fi kwanciyar hankali. Haka in fuskar daɓe tana da ƙananan kwari da tudu, poliyuritan yana cike su da kyau. Sai dai yana son shiri: a zagaye wurin da salatif ɗin takarda, sama da ƙasa, a sa safar hannu, a cire salatif ɗin tun danƙon yana ɗanye. Kada kuma a matse har ya fice duka, domin liƙin da ya koma siriri kamar takarda ba shi da naman da zai miƙe. Wasu sukan ɗaure sama-sama, su jira ya bushe, sannan su ƙarasa. Ni ina tsoron wannan in sukuru ne, don juyin ƙarshen yana tsinke liƙin da ya kama jikinsa. Na fi son a faɗaɗa bakin rami, a ɗaure sau ɗaya. Farin poliyuritan kuma yakan yi rawaya a rana, ba ya kuma shiri da yawancin robobi.

Polisalfaid tsohon hannu ne, ya girmi sauran, tun shekarun 1920 aka gano shi. Mai ba ya cinsa, shi ya sa ake liƙe tankunan man jiragen sama da shi, kuma shi ya dace da bakin tankin dizal a daɓe. Yana kama katako mai maiƙo irin su tik, yana karɓar fenti da sanfefa, riƙonsa kuma daidai-wa-daida, ana iya ɗaga abin da aka dasa da shi. Ga firam ɗin ƙarfe ko na katako a kan daɓen katako, har yau ban ga abin kushe masa ba in ban da jinkirin bushewa, wanda kan kai mako ko fiye. Laifinsa ɗaya ne, amma babba: yana lalata robobi irin su akirilik da polikabonet da ABS, ya sa su tsattsage. Ƙananan jirage da yawa kuwa ƙyaurensu da murafan dubawa duk na roba ne. Akwai kuma sabon shiga, poliyita, irin su 3M 4000 UV, wanda ke jure rana ba ya yin rawaya da wuri, yana kuma zama lafiya da robobi da dama. Ga ƙyauren roba mai sukurori, shi zan fara dubawa, bayan na karanta abin da masu ƙyauren suka ce a sa.

Gilashin da ke cikin firam maganarsa daban

Silikon na fara kushewa, amma a nan dole a ba shi haƙƙinsa. Abin da muke kira gilashin ƙyaure ba gilashi ba ne, akasari akirilik ne, kuma a ƙyaure da yawa ba ƙusa ko ɗaya da ke riƙe shi, liƙi ne kaɗai. Don haka butil ta fita daga lissafi. Polisalfaid zai cinye shi. Poliyuritan na yau da kullum ba ya kama shi da kyau, rana kuma tana ratsa gilashin ta gasa liƙin daga ciki.

Ga kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Akirilik yana kumbura da zafi kusan ninki uku na alminiyom. Ɗauki gilashi mai faɗin milimita 500, a ce tsakanin sanyin asuba da zafin tsakar rana jikinsa ya sauya da digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, abin da ba wuya ga gilashi mai duhu. Zai ƙaru da kusan milimita 1.4, firam ɗinsa kuwa bai kai rabin milimita ba. Bambancin kusan milimita guda ne, kullum, safe da yamma, liƙin ne ke shanye shi. Shi ya sa ake barin rata a kewayen gilashi, a sa 'yan guntayen roba a ƙarƙashinsa don liƙin ya samu kaurin milimita 3 ko fiye.

Abu biyu ne ke iya wannan aiki. Na farko silikon ɗin gine-gine irin wanda ake dasa gilasan dogayen benaye da shi, kamar DOWSIL 795, wanda a da ake kira Dow Corning 795. Rana ba ta dame shi ba, yana iya miƙewa ko tsukewa da rabin faɗin ratar da ya cike, yana kuma kama akirilik da alminiyom. Haƙuri yake so: mako ɗaya zuwa biyu kafin ya bushe, har zuwa uku kafin riƙonsa ya cika, kada a taka gilashin a wannan tsakani. Na biyu Sikaflex 295 UV, poliyuritan ne da aka yi musamman don gilashin roba. Yana da ƙarfi, amma sai an bi ƙa'idarsa daki-daki, da ruwan share fuska da baƙin fenti na share fage da ke kare liƙin daga rana. Wanda ya tsallake mataki ɗaya zai ga gilashi ya saki. Ga mai yin aikin da hannunsa karo na farko, silikon ɗin gine-gine ya fi yafiya.

Kada a yi wa rogo kallon kitse: silikon ɗin banɗaki, mai warin tsami, ba ɗaya suke da wannan ba. Tsamin nan asid ne da yake fitarwa yayin bushewa, yana cin ƙarfe, riƙonsa kuma ba shi da ƙarfi. Sannan duk silikon, mai kyau da marar kyau, yana barin maiƙon nan da na ambata, wanda ko sabon silikon ba ya son kamawa a kansa. Firam ɗin da za a sake dasa wa gilashi sai an kankare shi har ƙarfe ya fito fes.

In gilashin ya cika da ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, ya riga ya yi rauni, a sauya shi tunda an riga an buɗe. Akirilik ya fi jure rana da ƙarzuwa, ya fi kuma tsayawa ƙyam in an taka. Polikabonet ya fi jure duka, amma yana saurin ƙarzuwa da dushewa, yana kuma lanƙwasa, abin da ke wahalar da liƙi. Ga ƙyauren daɓe, akirilik mai kaurin na asali nake zaɓa.

Abin da ke ƙarƙashin firam

Ranar da ka ɗaga ƙyaure, dubi ramukan ƙusoshi da gefen yankan kafin ka dubi komai. Daɓen yawancin jiragen fayiba fata biyu ne da ɓargo a tsakani, na katakon balsa ko filawud ko soso mai tauri. Ruwan da ya ɗiga a katifa ka gan shi. Wanda ya tsaya a cikin ɓargon ba ka gani, yana can yana ruɓar da katako. Zura lanƙwasasshiyar waya a rami ka ƙwaƙulo: in fari ne busasshe, madalla. In baƙi ne mai laima yana wari, akwai aiki. Ƙwanƙwasa kewayen da ƙotar sukudireba, lafiyayyen wuri yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum. Wannan ne dalilin da ya sa ɗigo ɗaya ba abin rainawa ba ne.

Ko ɓargon lafiya lau yake, a rufe masa hanya tun yanzu. A faɗaɗa ramin ta sama, a ƙwaƙule ɓargon da ke kewaye, a toshe ƙasa da salatif, a bari ya bushe sarai, a cika da ifoksi mai kauri, wato gam ɗin nan da ke daskarewa ya yi tauri. In ya daskare a sake huda ramin daidai girman ƙusa ta tsakiyarsa. Daga nan ko danƙo ya gaza wata rana, ruwan zai bi ƙusa ya ɗigo ciki inda za ka gan shi, ba zai shiga ɓargo ba, noti kuma ba zai murƙushe daɓen ba. Wannan mataki ya fi zaɓin danƙo muhimmanci, duk da cewa shi aka fi tsallakewa. A kuma aza firam ɗin a busasshe a gani ko ya zauna daram. Daɓe yana da ɗan doro, firam kuwa miƙaƙƙe ne. In yana rawa, a gina masa shimfiɗa madaidaiciya da ifoksi. Wanda ya tilasta shi da ƙusoshi zai murɗe shi, murfi ya daina haɗuwa da robarsa, sabon yoyo ya ɓullo ta sama.

Ƙusoshin sitenles a cikin alminiyom kuma, in ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, alminiyom ne ke ciwuwa, ya yi farin gari ya ƙame ƙusar. A shafa musu man raba ƙarafa irin su Tef-Gel ko Duralac kafin a mayar.

Sauran kula ba ta da wuya. Robar baki, in ta taurare ko ta kwanta ta daina dawowa, a sayi ta ainihin masu ƙyauren, domin kamfanoni irin su Lewmar da Bomar da Goiot kowanne da siffar tasa robar. A wanke ta da sabulu mai laushi, a shafa mata giris ɗin silikon kaɗan. Basilin da sauran mayukan da aka samo daga fetur suna kumbura irin wannan roba. Gilashi kuwa ruwa da sabulu da tsumma mai taushi sun ishe shi. Asiton, sinadarin nan mai narkar da fenti, da ruwan goge taga mai amoniya su ne ke haifar da saƙar gizo-gizon nan. A ɗauraye daɓe da ruwan daɗi bayan fita teku, a share magudanan da ke kewayen ƙyaure don ganye da yashi kada su tare ruwa ya kwanta a bakin roba, a kuma ɗinka wa kowane ƙyaure rigar tamfol da za ta kare shi daga rana in jirgi na ajiye. In firam ɗin kansa ya tsage, ko gishiri ya cinye shi har ya yi ramuka, to liƙi ya wuce, sabon ƙyaure ake nema, a auna yankan daɓe da lanƙwasar kusurwoyinsa kafin a saya.

A jirgina, ƙyauren gaba mai ƙusoshi da noti a kan butil yake zaune, ƙananan murafan roba na baya masu sukurori na sa musu poliyita, gilashin kuma silikon ɗin gine-gine ne ke riƙe da shi. Bayan kowane aiki nakan ɗauki alƙalami marar gogewa in rubuta irin danƙon da shekarar a gefen yankan, ta ciki, inda silin zai rufe, domin wanda zai ɗaga ƙyauren nan gaba ya san da abin da zai share shi. Ƙyauren gaban kuma, wata guda bayan an dasa shi na koma da sifana na bi notinansa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ƙara karɓar kusan kwatan juyi.